Sabon Malami, Wa Ya Riƙe Hannunka?

  Yau shirin namu zai sauka ne a yankin Challawa, ya leƙa Sharaɗa, ya ɗan taɓa Bompai. Sai dai ba maganar fata ko roba ko lantarki ce ta kawo mu ba. Maganar malamin makaranta ce, malamin da bai daɗe da kama alli ba.

Duk wanda ya taɓa bin titin Panshekara da misalin ƙarfe bakwai na safe ya san irin cikar da yake yi. Tireloli na fitowa, motocin ma'aikata na shiga, 'yan adaidaita sahu na kutsawa ta tsakani, in iska ta juyo kuma sai ka ji warin jima daga kamfanonin fata. A cikin wannan turmutsutsu ina so mu ware matasa biyu, mu bi su da ido. Dukansu yau ce ranarsu ta farko a wurin aiki. Ɗaya kamfanin fata ya nufa. Ɗayan kuma takardar turawa makarantar firamare ce ninke a aljihunsa.

Na kamfanin nan, babu wanda zai damƙa masa inji ranar da ya zo. Haɗa shi za a yi da wanda ya daɗe a wurin. Zai tsaya yana kallo, a nuna masa inda ake sa hannu da inda ba a sawa, a gaya masa sinadarin da ke cin fatar mutum, a bar shi ya gwada ana tsaye a kansa. Mai kamfani ya san fata guda in ta lalace kuɗi ne, yatsa in ya tafi ba ya dawowa. Shi kuwa ɗan'uwansa, yana isa makaranta hedimasta zai miƙa masa hannu, ya yi masa addu'ar alheri, ya ba shi alli da rajista, ya nuna masa wata ƙofa. Yana shiga, shi ke nan. Daga shi sai yara, sai Allahn da ya halicce shi.

Wannan bambanci shi ne abin da ya dame ni, kuma a kansa nake so mu tsaya yau.

Su waye ma waɗannan sababbin malamai? Ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Akwai wanda ya yi shekara uku ya karɓi NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa da manufar ilimi ta ƙasa ta amince da ita. Da yawa daga cikin na wannan yanki daga Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke nan Kumbotso suka fito, wasu daga tsohuwar FCE Kano, wasu daga Bichi, wasu daga kwalejin Legal, wasu kuma masu digiri ne daga Jami'ar Bayero. Akwai waɗanda shirin N-Power ya turo tun daga 2016 a kan alawus na naira 30,000 a wata. Akwai 'yan BESDA, shirin da Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2017 don mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta cikin aji. Matasa ne da suka yi shekaru suna koyarwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har zuwa 2024 da gwamnatin Kano ta mayar da fiye da 5,000 daga cikinsu cikakkun ma'aikata. Akwai ɗan bautar ƙasa da bai taɓa karanta fannin koyarwa ba, wani ma ko Hausa ba ya ji. Sannan ga runduna guda da ba kasafai ake ƙirga ta ba, wato 'yan mata da samarin da ke koyarwa a ƙananan makarantun kuɗi da suka cika lungunan Ja'en da Sheka da Sabuwar Gandu da Dakata da Tudun Wada.

Ƙofofi daban-daban, amma da sun shigo, ɗaki ɗaya suke tararwa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Iyaye, ku da kuke raka 'ya'yanku, kun san abin da idonku ke gani. A makarantun gwamnati na unguwannin da ke kewaye da kamfanoni, ba abin mamaki ba ne ka tarar da yara fiye da ɗari a aji guda, na gaba gwiwarsu na taɓa bangon allo, na baya kuwa sai dai su ji muryar malam, ba sa ganin abin da ya rubuta. Dalilin a bayyane yake. Kamfani yana jan ma'aikaci, ma'aikaci yana jan iyali, gonaki suna komawa filaye, filaye suna komawa gidajen haya, amma azuzuwa ba sa haihuwa da irin wannan sauri. Haka aka gani a 1976 da aka buɗe shirin UPE na ilimin firamare ga kowa, haka aka sake gani bayan 2019 da gwamnatin Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole: yara sukan riga aji da malami isowa. A watan Yunin 2024 kuma, da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, da bakinsa ya faɗi cewa akwai ɗaruruwan makarantu a jihar nan da malami ɗaya tilo ke riƙe da su.

To, a kwaleji an koya wa sabon malamin nan yadda ake rubuta tsarin darasi: gabatarwa, matakai, tambayoyi, kammalawa. An koya masa sunayen masana halayyar yara na Turai da Amurka. Ya yi 'yan watanni na koyon koyarwa, abin da ɗalibai ke kira TP, malaminsa ya zo sau ɗaya ko biyu ya zauna ya ba shi maki ya tafi. Duk wannan yana da amfani, ban raina shi ba. Amma babu wanda ya gaya masa yadda ake kiran sunan yara ɗari da ashirin ba tare da rabin lokacin darasi ya tafi ba. Babu wanda ya gaya masa abin da zai yi idan rabin ajin ba su da fensir. Babu wanda ya nuna masa yadda ake duba littattafai ɗari a yini, ko yadda ake sa aji ya yi tsit ba da bulala ba, ko yadda ake amsa uban da ya shigo a fusace saboda an ce ɗansa ya maimaita aji.

Ni ma na taɓa tsayawa a gaban irin wannan aji, shi ya sa maganar take taɓa ni. Makonnin farko, kullum muryata a dushe nake komawa gida, domin a zatona wanda ya fi ƙarfin murya shi ke mulkin aji. Dare ya yi in kwanta ina tunanin ko dai ban dace da aikin ba. Wata dattijuwar malama da ke ajin kusa da nawa, wadda ta yi tsohuwar makarantar horon malamai mata, ita ta ji hayaniyar ta bango. Ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Wata safiya ta shigo ta zauna a baya kamar mai hutawa, ta kalli darasin har ƙarshe. Da aka fita tara ta kira ni gefe. Ta nuna mini cewa duk lokacin da na ɗaga murya yara ma ɗagawa suke yi, in gwada saukar da ita. Ta koya mini in raba ajin layi-layi, kowane layi da shugabansa mai tattara littattafai da faɗin wanda bai zo ba. Ta ce in daina tsayawa a jikin allo kamar an kafe ni, in riƙa ratsa tsakiya. Abu uku ke nan, ba su ɗauke ta minti goma ba, amma su suka hana ni ajiye aikin. Babu wanda ya sa ta. Babu wanda ya biya ta. Da a wani aji mai nisa aka sa ni, da ban same ta ba.

Abin da nake ƙorafi a kai ke nan, jama'a. Abu mai girma kamar wannan mun bar shi ga sa'a.

Mu dubi yaran da ke gaban wannan malami, domin yaron unguwar kamfani yana da nasa hali. Wani ubansa aikin dare yake yi, yana shigowa gida yaro na fita, sai su yi kwanaki ba su zauna tare ba. Wata sai ta kai tallan ƙosai ko shinkafa da wake bakin ƙofar kamfani, ma'aikatan safe sun saya, sannan ta taho makaranta a makare da barci a idonta. Wani da an tashi yake ɗaukar buhu ya shiga tsintar roba da ƙarafa yana kai wa masu awo, har ya fara jin daɗin kuɗi, ya fara tambayar kansa amfanin zaman aji. Wani iyayensa daga kudu suka zo ci-rani, a gida wani yare ake yi, a layi Hausa, a littafi Turanci. Wani kuma uban ne aka sallama, domin mun san masaƙu da kamfanoni nawa suka rufe a Bompai da Sharaɗa tun daga shekarun 1990, waɗanda suka rage ma yau aiki gobe hutu gwargwadon wuta da kasuwa.

Sabon malami shi ya fi kowa kusa da waɗannan yara, ko don shekarunsa. Bai daɗe da fitowa daga irin halinsu ba. Shi yaro zai iya gaya wa bai karya ba. Ita malama matashiya ita yarinya 'yar aji shida za ta iya raɗa wa abin da ba za ta iya gaya wa mahaifiyarta ba. Shi ne zai fara lura cewa wane ba daƙiƙi ba ne, allon ne ba ya gani, ko kunnensa ne ke ciwo. A makarantu da yawa kuma shi ne mai waya da ya iya kwamfuta, don haka shi ke buga jarrabawa, shi ke shigar da sunayen yara idan hukuma ta nema, shi ne na wasanni, shi ne na tsafta, shi ne mai tsaron ƙofa da safe. Duk aikin da manya suka gaji da shi, kansa yake sauka, wai ai shi da sauran ƙarfinsa.

A nan akwai wata al'ada da nake roƙon shugabannin makarantu su sake dubawa. Sau da yawa sabon malami aji ɗaya ko aji biyu ake tura shi, a ce ai ƙananan yara ne, ba wani abin koyarwa, ƙwararru kuma a ajiye su a aji shida saboda jarrabawa. Wallahi wannan juya abu ne a baibai. Babu aiki mai wuya a makaranta kamar ɗaukar yaron da bai san baƙi ba ka kai shi ya haɗa harafi da harafi ya fitar da kalma. Idan ya wuce aji uku bai iya wannan ba, duk abin da za a zuba masa a gaba kamar zuba ruwa ne a kwando. Shi ya sa a 2019 aka fara wani shiri mai suna KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, inda ake ɗaukar yaran aji huɗu zuwa shida a sake raba su, ba bisa ajinsu ba, bisa abin da kowa ya iya, a dawo da su kan haruffa da ƙirga. Gyaran abin da ya ɓaci a ƙasa ake yi daga sama. Da an sa gwanaye a ƙasan tun farko, sabo kuma ya zauna kusa da su ya ga yadda ake yi, da wahalar ta ragu.

Sai maganar aljihu, wadda ba za mu tsallake ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani haraji na kullum. Malamar da ke zaune a Ɗorayi ko Gwale aka tura ta can gefen Zawaciki, sai ta hau abin hawa biyu zuwa, biyu dawowa. A 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, Kano ta tsayar da nata a 71,000. Wannan na ma'aikacin gwamnati ke nan. Dokar kuwa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantun kuɗi ba su kai ba. Don haka za ka tarar da mai NCE tana koyarwa daga safe zuwa azahar a kan kuɗin da ba zai sayi rabin buhun shinkafa ba, wani wurin ma watan hutu babu albashi.

A wannan yanki kuma jarabawar a kusa take. Malami yana kallon abokinsa da suka gama sakandare tare, wanda ke lodi a kamfani ko yake jan adaidaita sahu, ya ga ya riga shi ɗaura aure. Kullum sai ya wuce ƙofar kamfani kafin ya isa ƙofar makaranta. Wasu sukan haƙura su bar allin. Wasu ba sa bari, amma zuciyar ta bar wurin: jiki a aji, hankali a shagon cajin waya ko teburin POS da zai buɗe da yamma. Ba na zargin mai neman halak don ya ciyar da iyali. Abin da nake cewa shi ne, wanda aka bari shi kaɗai da yara ɗari, bai san ta inda zai kama ba, shi ya fi saurin karaya idan talauci ya ƙwanƙwasa. Wanda ya fara ganin yaransa suna karatu a hannunsa kuwa, akwai wani abu da ke riƙe shi ko da albashin bai isa ba.

Wani zai ce, to ai laifin malaman ne, da yawansu ba su iya ba. Mun tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce 21,780 ba su kai makin da ake so ba, aka sallame su. Muna kuma da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa tun 1993, tana yi wa masu shiga aikin jarrabawa kafin ta ba su lasisi. Ban ƙi a gwada malami ba. Wanda bai iya lissafin aji huɗu ba, bai kamata a ba shi 'ya'yan mutane ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma jarrabawa tana auna abin da mutum ya sani ne. Iya koyar da shi wani abu ne daban, kuma a cikin aji ake koyonsa, a gaban wanda ya iya.

Mu Hausawa ba sai an zo daga waje an gaya mana wannan ba. Ku dubi tsangaya. Yaro yana shiga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Gardi yana biya wa na ƙasa da shi, yana rubuta musu allo, yana tsare su a karatun dare, amma duk a gaban idon malam. In ya yi kuskure a gyara masa nan take. Sai ya shekara da shekaru a haka kafin a sa masa albarka ya je ya kafa tasa. Ku je marinar Ƙofar Mata, ba a barin yaro ya haɗa baba da toka shi kaɗai ranar farko. Majemi ma da bagaruwarsa, a gindin ubangidansa ya koyi lokacin da fata ta jiƙu. Tela, maƙeri, bakanike, duk haka. Boko ce kaɗai muka ɗauka takarda ta wadatar.

Ko a bokon ma, manyanmu ba haka suka taso ba. Malam Aminu Kano yana da kimanin shekara 22 ya fara koyarwa a Midil ta Bauchi a 1942. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina ya riga shi kama alli da shekaru, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. Suna zama suna muhawara, suna sa juna karatu. Wannan matashin malami shi ne a 1948 ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, don ya ga malami shi kaɗai ba shi da murya. Tsofaffin makarantun horon malamai kuma, irin su Wudil da Bichi da WTC ta nan Kano, shekaru suke ɗauka suna tarbiyyar mutum a kan aikin, dare da rana, tun yana ɗan saurayi. An rufe wannan babi an koma NCE, ilimin ya ƙaru, amma rainon ya ragu, kuma ba mu sa wani abu a gurbinsa ba.

Wasu ƙasashe sun mayar da rainon doka. A Japan, tun 1989 sabon malami yana yin shekararsa ta farko ne a ƙarƙashin wani gogaggen malami da aka ɗora wa alhakinsa. A Ingila, daga watan Satumban 2021 aka mayar da wa'adin shekara biyu: ana ba shi mai jagora, ana rage masa kashi 10 cikin ɗari na darussansa a shekarar farko da kashi 5 a ta biyu, don ya sami lokacin kallon wasu da gyara nasa. Su da ajinsu bai wuce yara talatin da wani abu ba suka ga bukatar haka, ina ga mu?

Na san amsar da za a ba ni: ina malaman da za a rage wa wani aiki? Gaskiya ne, ba mu da rarar mutane. Amma akwai abin da ba ya cin kobo. Ranka ya daɗe hedimasta, ranar da aka turo maka sabon malami, kada ka nuna masa ƙofa da yatsa. Ka bar shi mako guda yana zama a bayan ajin wanda ka fi yarda da koyarwarsa. Ka kira wani dattijo ko dattijuwa cikin malamanka ka ce wannan ɗanka ne, wannan 'yarki ce, a gaban kowa, don ya zama amana sananniya. Ka sa ajinsu kusa da juna. Ka ware musu rabin sa'a ranar Alhamis bayan an tashi. Idan ka shiga ajinsa, ka shiga da niyyar gyara, kuma kada ka taɓa yi masa faɗa a gaban yara, domin kwarjinin da ya zube a gaban ɗalibi da wuya yake komawa.

Hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, da ofisoshin ilimi na Kumbotso da Birni da Nasarawa su ma suna da abin yi a hannu. Jami'an da ke zagaya makarantu, tun zamanin wani shiri mai suna ESSPIN aka fara sauya musu aiki daga masu neman laifi zuwa masu tallafa wa malami. A sa sababbin ɗauka su zama farkon waɗanda za su riƙa ziyarta. A duba inda mutum yake zaune kafin a tura shi, musamman mata masu goyo. Sannan ga dokar tarayya ta 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Duk inda aka aiwatar da ita, ina ganin babu abin da ya fi dacewa da waɗannan ƙarin shekaru biyar kamar a rage wa dattijon tsayuwa a gaban allo, a ba shi matasa uku ko huɗu ya raina. Da tsohuwar zuma ake magani.

Alhazanmu masu kamfanoni a Challawa da Sharaɗa da Bompai, ku ma maganar ta shafe ku. Yaran da ke zaune a ƙasa a makarantar da ke bayan katangarku, su ne za su zo neman aiki wurinku nan da shekara goma, kuma kun fi kowa sanin wahalar ma'aikacin da bai iya karanta gargaɗin da ke jikin durom ba. Wasunku suna gina aji, suna haƙa rijiyar burtsatse, Allah ya saka. Amma motar ma'aikatanku da ke bin titin nan kowace safiya, in da kujera biyu a ciki, malamin makarantar unguwar zai iya zama a kai. Takardu da kwalaye da kuke zubarwa, a hannun malamar aji ɗaya katunan haruffa ne. Ku nemi kwamitin makarantar, ku tambaye su.

Iyaye kuma, idan kun ji an kawo sabon malami ajin ɗanku, ku je ku gaishe shi kafin wata matsala ta kai ku. Ku gaya masa halin yaron: yana da ciwon sikila, uwarsa ta rasu bara, tsoro gare shi. Abin da zai ɗauke shi zango guda kafin ya gano, ku a minti biyar za ku ba shi. Kuma kada ku rena shi a gaban yaro don kun ga ƙuruciya a fuskarsa.

Yanzu gare ka, Malam, gare ki, Malama, ku da kuka kama aikin bana ko bara. Duk abin da na faɗa bai sauke muku nauyi ba. Idan ba a haɗa ka da kowa ba, kai ka nema. Ka dubi wanda ajinsa ke shiru ba tare da kukan yara ba, ka je ka ce, Baba, ina so in zauna a bayan ajinka gobe. Ban taɓa ganin tsohon malamin da aka roƙa haka ya ƙi ba. Da yawansu jira suke a tambaye su. Ka fara da sunayen yara, goma-goma kullum, domin yaron da ka kira da sunansa ya riga ya ba ka rabin hankalinsa. A makon farko ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ko a bakin ƙofa ne, ka san wa ya san harafi, wa ya iya kalma, wa ke karanta jimla, ka rubuta a bayan littafinka, ka sake dubawa a ƙarshen zango. Abin da ba su gane da Turanci ba, ka warware musu da Hausa, ba abin kunya ba ne. Wayarka ta zauna a aljihu har a tashi. Bulalar da aka ce maka sai da ita, ka lura da kyau: tana sa shiru, amma yaron da ke tsoronka ba zai taɓa ɗaga hannu ya ce bai gane ba, kai kuma wannan kalmar kake bukatar ji. 'Yan matan da ke gabanka kuwa amana ce, kada ka keɓe da ɗaya, kada ka aike su gidanka, kada ka bar wa kowa ƙofar zato.

Kuma ranar da ka dawo gida murya a dushe, kai na sarawa, kana jin kamar gobe ba za ka koma ba, ka sami abokin aikinka ka gaya masa. Kusan duk wanda ka gani a ofishin malaman nan ya taɓa kwana da irin wannan tunani.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a Sharaɗa tare da malaman Islamiyya, mu ji yadda su suke karɓar sabon malami a tsakaninsu, da abin da ake ba su a ƙarshen wata. Kafin nan, malaman da ke shekararsu ta farko ko ta biyu, ku aiko mana da saƙo ku gaya mana aji nawa aka ba ku, yara nawa ne a ciki, da kuma ko akwai wanda ya taɓa shigowa ya zauna ya kalli darasinku. Za mu karanta ba tare da ambaton suna ko makaranta ba.